A kifa sabon baho a kan tsoho, ko a fasa banɗakin gaba ɗaya?

Maman Hanifa, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ta gaggawa ce, don jiya Alhamis da daddare muka sa hannu a takarda, ni kuwa tun lokacin hankalina ya ƙi kwanciya.

Gidanmu ginin 1956 ne. Banɗaki ɗaya ne mai wurin wanka, mu shida muke amfani da shi, ɗayan masai ne kawai da wurin wanke hannu. Bahon irin na da ne na zubin ƙarfe, farin jikinsa ya cinye, gindinsa ya yi kaushi, bakin rariya duk tsatsa. In na dirje shi yau, jibi ya koma gidan jiya. Tayil ɗin bango ruwan hoda ne, tsakankaninsu ya yi baƙi ƙirin. Ga Hajiyarmu za ta zo daga Katsina nan da wata biyu, ba na son ta tarar da shi haka.

Wani kamfani ya turo mutum ya auna. Ya ce ba abin da za a fasa, za su ƙera baho na wata roba mai ƙarfi da ake kira akirilik daidai da namu, su kifa shi a kai, su rufe bangon da fallayen irin robar. Aikin yini ɗaya, dala 7,900. Ya ce in muka sa hannu a daren zai rage 900, shi ne Baban Hanifa ya sa, muka ba da kafin alƙalami dala 1,000. Kafin shi wani ɗan kwangila ya yi mana lissafin a fasa komai a sake: dala 23,000, sati uku zuwa huɗu. Don Allah wanda ya taɓa yin ɗaya a ciki ya gaya min gaskiya.

Anti Bilki, Maryland:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, ni na yi, shekara shida ke nan, ban taɓa da na sani ba. Mutum biyu suka zo da ƙarfe takwas na safe, kafin la'asar sun tattara kayansu, washegari da yamma muka yi wanka a ciki. Abin da ya fi min daɗi shi ne bangon, tunda babu layin siminti balle ya yi baƙi, soso mai laushi da sabulun ruwa sun wadatar. Sai dai kar ki kuskura ki sa masa garin goge tukunya ko soson ƙarfe, yana karcewa. Lalle ma yana kama shi. Ranar da yarana suka wanke lallen sallah a ciki, sai da jan ya yi kusan wata kafin ya dusashe.

Baban Amir, Minneapolis:
Maman Hanifa, labarina ya sha bamban da na Anti. Ba zan kama suna ba, wani ƙaramin kamfani ne a garinmu. Shekara biyu komai lafiya lau. A ta uku sai na fara jin in na taka tsakiyar bahon yana lotsawa, yana wani cakal cakal a ƙarƙashin ƙafa, kamar ka taka ledar fiya wata da ba a shanye ba. Daga nan sai wari, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Maman Amir ta wanke ko'ina, ta yi turare, a banza. Ashe ruwa ne ya sami hanya ta bakin ramin da ke hana baho ambaliya, ya kwanta tsakanin sabo da tsoho, ba shi da mafita.

Sun zo sau biyu sun zuƙe ruwan sun sake liƙewa, ya dawo. Ranar da aka ɓamɓare robar ina tsaye a ƙofa, baƙin ruwan da na gani da fumfunar da ta lulluɓe tsohon bahon sai da na fitar da yara daga gidan. Ƙarshenta na biya kuɗin roba, na dawo na biya kuɗin fasawa.

Anti Bilki, Maryland:
Subhanallah. To wannan ai laifin masu sawa ne Baban Amir, ba na robar ba.

Baban Amir, Minneapolis:
Na yarda Anti. Amma mai gida ba shi da yadda zai yi ya gane an liƙe da kyau ko ba a liƙe ba, tunda duk aikin yana ƙarƙashi. Sai bayan shekaru ake sani.

Injiniya, Chicago:
Dukkanku gaskiya kuka faɗa. Bari in yi bayani yadda Maman Hanifa za ta iya yanke hukunci da kanta.

Fallen akirilik ake gasawa ya yi laushi, a ɗora shi a kan wani kwatancin baho, inji ya zuƙe iska ya ɗauki siffar. Kamfanonin suna da kwatancin bahuna iri iri, shi ya sa suke aunawa su ɗauki hoto. Yawancin bahunan Amurka da ke tsakanin bango uku tsawonsu inci 60 ne, faɗi 30. Ranar aiki sai su wanke tsohon, su shafa gam, su kifa sabon, su haɗa rariya, su bi gefe da silikon. A kan zubin ƙarfe irin naki abin yana zama daram, don ƙarfen ba ya motsi. A kan bahon roba na faibagilas ne ba a so, saboda yana lanƙwasa. Ta wannan fuskar kin dace.

Matsalar ita ce rufi ne kawai. Ba ya gyara komai a bayansa. In bangon lafiyayye ne kuma daɓen busasshe, kin sami abin da Anti Bilki ta samu. In akwai ruɓa a ciki, an yi kitso da ƙwarƙwata. Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi, Baban Hanifa ya yi waɗannan yau ɗin nan. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kusa da bakin baho da gindin cokali, wanda ya saki zai ji yana amo kamar ƙwarya. Ya danna bangon da tafin hannu ya ga ko yana motsi, musamman ƙarƙashin taga in akwai. Ya tsaya a kusurwar da baho ya haɗu da daɓe ya ɗan yi tsalle. Sannan mafi muhimmanci, tunda yawancin gidajen Ohio suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya sauka da tocila da sukuddireba, a buɗe shawa na minti goma, ya ɗaga kai ya duba katakon da ke ƙarƙashin bahon. Duk inda ya ga baƙi ya soka. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe.

Ya kuma duba bututun. Gidan 1956 in ba a taɓa canzawa ba, akwai yiwuwar bututun ƙarfe ne masu launin toka, waɗanda tsatsa ke toshewa daga ciki har ruwa ya rage ƙarfi. Ya kara maganaɗisu, in ya kama to ƙarfe ne, jan ƙarfe ba ya kamawa.

Maman Hanifa, Columbus:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Mutumin da ya zo bai sauka ƙasa ba sam. Awo ya yi, ya nuna mana hotuna a kwamfuta, ya baje samfurin launuka a kan tebur. Awa biyu da rabi ya yi a falo, minti goma a banɗaki.

Alhaji na Bronx:
Salamu alaikum. Ni akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba, shi ne yadda mu muke amfani da ruwa. Banɗakin Bature an gina shi ne don ruwa ya tsaya a cikin baho. Daɓen katako ne aka shimfiɗa wa tayil, babu rariya a tsakar ɗaki. Mu kuwa a Kumasi inda na tashi, haka Kano, haka Yamai, siminti ne da magudana, ka kwarara ruwa son ranka. Muka zo nan da ɗabi'armu: buta a gefen masai, alwala sau biyar, a ɗora ƙafa a bakin baho a wanke, yara su yi wanka da bokiti labule a buɗe. Mutum shida, lissafa sau nawa ruwa ke taɓa wannan daɓen a yini.

Ni a bene na huɗu nake. Wata rana maƙwabciyata ta ƙasa ta hau ta kira ni in ga silin ɗinta, ya kumbura ya yi tabo kamar taswira. Ba bututu ne ya fashe ba, ruwan alwala ne na shekara da shekaru yana bi ta gindin masai. Saboda haka 'yata, ko an kifa miki roba mafi tsada, daɓenki yana nan yadda yake. Robar ba ta kai wurin ba.

Yaya Murtala, Houston:
Maganar Alhaji ita ce magana. Ku fasa kawai a wuce wurin. Araha ba ta ado. Dala dubu bakwai a kan roba, alhali masai tsoho, daɓe tsoho, wayar wuta tsohuwa, ai asara ce. Ni na fasa nawa biyu bara, har yau ina jin daɗi.

Maman Yusra, Indianapolis:
Yaya Murtala banɗakinka nawa a gida? Kuma gidajen Houston ai a kan kankare suke zaune. Ita guda ɗaya gare ta, da yara huɗu 'yan makaranta. Sati huɗu ina za su yi wanka? Sannan 23,000 ba kuɗin cefane ba ne, kuma duk wanda ya taɓa fasa tsohon gida ya san farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Da an buɗe bango ake fara ƙari.

Yaya Murtala, Houston:
Uku ne. Na karɓi gyara a nan. Amma ƙarin da kike faɗa ai ɓarnar tana nan ko an buɗe ko ba a buɗe ba.

Baban Zara, Montreal:
Don ƙarin haske, wannan sana'a ba sabuwa ba ce. Kamfanin Bath Fitter mai wannan aiki a nan Montreal ya fara a 1984, yanzu ya bazu Kanada da Amurka. Ni na yi aiki a otal, na ga amfaninta da idona: ɗakin da aka rufe sati uku asara ce, amma da wannan yau a rufe gobe a ba baƙo. Haka mai gidan haya, haka wanda zai sayar da gida nan kusa. Tambayar da zan yi wa Maman Hanifa ita ce, shekara nawa kuke niyyar zama a gidan?

Maman Hanifa, Columbus:
In Allah ya yarda a nan za mu aurar da su. Ba mu da niyyar tashi.

Sista Rabi, Atlanta:
Ni ta Hajiya nake ji. Shekarunta nawa, kuma yaya gwiwoyinta? Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma wurin da na fi tsoro shi ne lokacin tsallaka bakin baho da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Tsayinsa ya haura inci 14, in aka kifa wani a kai sai ya ɗan ƙaru, cikin kuma ya ɗan tsuke. Tsohuwar da ta saba zama a kujera 'yar tsugune da bokitinta a gaba, ki ce ta ɗaga ƙafa ta shiga kwarin nan kullum? Wata da na kula da ita daina wanka ta yi sai goge jiki, ba ta gaya wa kowa ba, kunya take ji ta ce tana tsoro. Sai da na lura tawul ɗinta kullum a bushe yake.

In za a sa ƙarfen riƙewa kuma, dole a ɗaure shi a jikin katakon cikin bango, ba a jikin roba ko tayil kawai ba. Masu mannewa da iska kar ki yarda da su.

Maman Hanifa, Columbus:
Shekararta 74, kuma a zaune take salla saboda gwiwa. Wallahi Sista ban yi wannan tunanin ba. Ni kyan wurin kawai nake hange.

Malam Ɗahiru, Filadelfiya:
Baiwar Allah, ragowar kuɗin ta yaya za ku biya? Ina tambaya ne don irin waɗannan masu zuwa gida sukan zo da takardar bashi a jaka, su ce wata 12 ko 18 babu kuɗin ruwa. Ku karanta ƙananan rubutun. A yawancinsu in wa'adin ya cika da saura ko kaɗan ne, za a lissafa muku ruwan tun daga ranar farko. Wannan riba ce kuka sa hannu a kanta, ko da niyyarku ku biya kafin lokaci. Kar son gyaran banɗaki ya kai ku inda ba ku so. In abin da ke hannu bai kai ba, ga adashi, ga 'yan uwa.

Maman Hanifa, Columbus:
Malam na duba yanzu, akwai wannan takardar a ciki, ta wata 18. Innalillahi. To yanzu mun riga mun sa hannu, kuɗinmu dubu ya tafi ke nan?

Maman Yusra, Indianapolis:
Bai tafi ba in sha Allah, amma ki hanzarta. Hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka tana da doka a kan cinikin da aka ƙulla a gidan mai saye: in ya kai dala 25, kina da damar sokewa har zuwa sha biyun daren ranar aiki ta uku. Asabar tana cikin lissafi, Lahadi da ranakun hutun tarayya ba sa ciki. Kun sa hannu Alhamis, ke nan Juma'a, Asabar, Litinin. Ki duba cikin takardun, ya kamata ya ba ku fom na sokewa kwafi biyu. Baban Hanifa ya sa hannu da kwanan wata a ɗaya, ku aika ta gidan waya irin wasiƙar da ake ba da rasit, ku riƙe ɗayan. Kar ku tsaya a kiran waya kawai. Sokewa ba ta hana ku komawa gare su daga baya in kun ga robar ce ta dace.

Auwalu ɗalibi, Columbus:
Anti me zai hana a sake fentin bahon kawai? Na ga ana sayar da kayan a shago, ba su da tsada, zan iya zuwa in taya ku.

Injiniya, Chicago:
Auwalu Allah ya yi albarka, amma kar ka soma. Sake fentin baho hanya ce ta uku, kuma ta fi duka araha, ƙwararre zai yi shi a ɗaruruwan daloli ya ɗauki wasu shekaru. Sai dai ba aikin koyo ba ne a ƙaramin ɗaki marar iska. Ma'aikata sun mutu a Amurka a kan wannan aikin saboda sinadarin kankare fenti mai suna methylene chloride, tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a cikin kwarin bahon daidai inda mutum ya sunkuya. Hukumar EPA mai kula da muhalli ta hana sayar wa jama'a shi a 2019.

Tunda an zo nan, in za a fasa ma akwai abin kiyayewa. An hana fentin gida mai dalma a 1978, naku ya girmi dokar da shekara 22. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ƙurar ba. Doka ta ce ɗan kwangilar da zai taɓa fenti a irin wannan gida sai yana da shaidar EPA, ku ce ya nuna muku. In kuma aka tarar da tsofaffin ledojin daɓe masu inci 9 a ƙarƙashi, a tsaya a kai gwaji, sau da yawa akwai asbestos a ciki, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu.

Abu ɗaya zan faɗa don kare tsohon banɗakin. Tayil na shekarun 1950 galibi a kan kakkauran siminti da ragar ƙarfe aka ɗora shi, wani ya fi aikin yanzu ƙarko. In bangon bai saki ba, kar launinsa kaɗai ya sa a fasa.

Maman Hanifa, Columbus:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya bayan isha'i Baban Hanifa ya sauka ƙasa da tocila, ni na buɗe shawa. Bai yi minti biyar ba ya kira ni. Katakai biyu a ƙarƙashin kan bahon sun yi baƙi, ruwa yana ɗiga a hankali daga haɗin rariya yana bin jikinsu. Da ya soka sukuddireba sai ta shige kamar a dafaffiyar doya. Shekara huɗu muna gidan nan, akwatunan da muka jibge a wurin ne suka kare mu ba mu gani ba, na ƙasan har kwalinsa ya narke. Maganaɗisu ma ya kama bututun. Bangon gefe biyu lafiya lau, amma layi biyu na tayil a ƙarƙashin famfo suna amo.

Da safen nan muka aika takardar sokewa, ga rasit a hannuna.

Anti Bilki, Maryland:
Alhamdu lillahi da kuka duba. Ni ma da na ga haka a nawa ba zan kifa ba. Yau ɗin nan zan sa a leƙa min ƙarƙashin nawa.

Yaya Murtala, Houston:
To kun gani. Sai a kira mai 23,000.

Injiniya, Chicago:
Ba lallai ba ne Yaya. Abin da ke cin kuɗi a fasawa shi ne sauya wa masai da wurin wanke hannu mazauni, da kayan ƙawa. Ku bar kowanne a inda yake. Ku nemi farashi daga mutum uku a kan aiki iri ɗaya, a rubuce: a fitar da baho, a canza ruɓaɓɓen katako, a sauya bututun da aka tarar da na roba irin PEX ko na jan ƙarfe, a sa famfo mai hana ruwa ƙona mutum in wani ya buɗe a kicin, a yi wurin shawa mai gajeren baki. Bahon zai haura kilo 100, yawanci a ciki ake farfasa shi da guduma, ku kwashe yara ranar. A bayan bango a sa allon siminti da abin hana ruwa, a kafa katakon ƙarfen riƙewar Hajiya tun kafin a rufe. A nan in kuna son fallen akirilik maimakon tayil ba laifi, tunda an ga abin da ke baya, kuma zai rage kwanaki. Saboda maganar Alhaji, a shimfiɗa abin hana ruwa a duk daɓen, ba wurin shawa kaɗai ba. A sa fanka mai fitar da tururi waje, da soket irin GFCI mai yanke wuta da kansa. Ɗan kwangila ya karɓo izini daga hukumar gari da sunansa, ya nuna lasisi da inshora, kuma kar ku biya kuɗin ƙarshe sai an zo an duba aikin.

Maman Yusra, Indianapolis:
Ku dai yi tunani kafin ku raba gidan da baho gaba ɗaya. Autarku shekararta nawa? Kuma masu sayen gida da yara suna neman baho ko ɗaya ne.

Maman Hanifa, Columbus:
Shekararta biyar, da bokiti nake yi mata tun tuni. Mun tattauna da Babansu, gwiwar Hajiya ta fi mana mai sayen da ba mu sani ba. Shawa za a yi, da wurin ajiye kujera. Adashina zai fito ƙarshen wata, za mu haɗa da abin da ke hannu. Abin da ya rage min shi ne inda za mu yi wanka kwanakin aikin.

Hajiya Uwani, Columbus:
Wannan ba abin damuwa ba ne 'yata. Tsakaninmu tafiyar minti bakwai ce, banɗakin ƙasa ba mai shigarsa tunda yaran suka tafi jami'a. Ki turo Hanifa ta karɓi makulli, ku zo da tawul ɗinku kawai. In an sa ranar fasawa ki gaya min tun da wuri, yaran su kwana a nan.